Bekin Soda da Ɗan Dambe: Tambayoyi da Amsoshi

Maganar shan bekin soda kafin shiga fili ta yaɗu a wuraren atisaye, kuma kamar kowace magana da ke yawo baki da baki, an cuɗa gaskiya da ƙari. Wasu sun ɗauke ta tamkar laya, wasu kuma sun ce zancen banza ne. A gaskiya tana aiki, amma aikinta ɗan kaɗan ne, a wuri guda takamaimai, kuma wanda ya sha ta da ka zai iya kwana a banɗaki ko ma a asibiti. Ga tambayoyin da 'yan dambe da masu horar da su suka fi yi.

Mene ne wannan sodiyam bikabonet ɗin da ake ta faɗa?

Shi ne farin garin nan da masu yin kek da cincin ke kira bekin soda. A asibiti ma an san shi, domin an daɗe ana ba da shi ga mai ƙwannafi, kuma likitoci na amfani da shi idan asid ya yi wa jinin majiyyaci yawa. Jikinka ma yana da nasa bikabonet ɗin a cikin jini, wanda ƙoda ke kula da adadinsa dare da rana. Wato ba baƙon abu kake shigar wa jiki ba, ƙari kake yi a kan abin da ke nan.

Kuma ba sabon bincike ba ne. Tun shekarun 1930 masana a Jami'ar Harvard ta Amurka suka fara gwada yadda rage asid a jini ke shafar juriyar mutum a aiki mai tsanani.

To yaya garin yin kek zai taimaki mai dambe?

Duk wanda ya taɓa kai wa turmi na uku ya san yanayin. Kafaɗu sun ɗau zafi, safar hannu ta yi nauyi kamar an jiƙa ta, kana ganin ƙofa a buɗe a fuskar abokin karawa amma hannu ya ƙi tafiya da saurin da ido ya gani. Kocinka na ihu daga kusurwa, "Ɗaga hannu! Ɗaga hannu!" kana jin sa sarai, hannun dai na ta sauka.

Abin da ke faruwa a lokacin shi ne, idan kana sakin naushi a jere da ƙarfi, tsoka na ƙona sukari cikin gaggawa fiye da yadda iskar da kake shaƙa za ta iya biya. Wannan hanyar gaggawa tana tara asid a cikin tsoka. Ma'aunin asid da ake kira pH yana kusan 7.0 a tsokar da ke hutawa, amma a aiki mai tsanani yakan sauka zuwa wajen 6.5, wato asid ya ƙaru ke nan, kuma wannan saukar na cikin abubuwan da ke hana tsoka damƙewa da ƙarfi. A jini kuwa ma'aunin yana tsakanin 7.35 da 7.45, jiki kuma ba ya wasa da wannan iyaka.

Bikabonet ɗin da ka sha ba ya shiga cikin tsokar kanta. A jini yake zama. Idan ya ƙaru a can, sai jinin ya fi iya janyo asid daga tsoka ya kashe kaifinsa, kamar dai yadda uwargida ke jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa don ta karya tsami. Daga nan abin ya rikiɗe ya zama ruwa da iskar da kake fitarwa ta numfashi. Sakamakon shi ne gajiyar nan mai ƙuna tana ɗan jinkirta zuwa. Ba ta fasa zuwa, jinkiri kawai take yi.

An gwada shi a kan 'yan dambe, ko a kan masu tsere kawai?

An gwada. A 2010 Jason Siegler da Kristian Hirscher suka fitar da wani bincike da suka yi a Ingila da 'yan damben boksin goma waɗanda ba ƙwararrun kuɗi ba. An haɗa su bibbiyu bisa nauyi da iyawa, suka kara turmi huɗu na minti uku-uku da hutun minti ɗaya a tsakani. Sau ɗaya sun sha bikabonet giram 0.3 a kan kowane kilo na nauyin jikinsu, sau ɗaya kuma an ba su abin da ba shi ba ne. A karawar da suka sha na gaskiyar, naushin da suka saukar a jikin abokin karawa ya fi yawa.

A 2019 kuma Lewis Gough da abokan aikinsa suka gwada wata hanya da ƙwararrun 'yan dambe bakwai. Sai da aka gajiyar da su liƙis, sannan aka ba su bikabonet a cikin hutun minti 75, aka sake sa su aiki. Lokacin da suka sha shi, jininsu ya fi saurin komawa daidai, kuma sun fi daɗewa a gudu mai tsanani kafin su sare. Wannan ya shafi mai atisaye sau biyu a rana fiye da mai shiga fili sau ɗaya.

Sai dai a lura da adadin mutanen: goma, bakwai. Ba taro ba ne. Abin da ke ƙara wa maganar nauyi shi ne an ga irin wannan a judo da taikwando da ninkaya da tseren keke da tuƙin kwale-kwale. Shi ya sa a 2018 masanan da Kwamitin Olamfik na Duniya ya tara suka sa bikabonet cikin 'yan tsirarun abubuwan ƙarin kuzari da ke da hujja mai ƙarfi, tare da kafeyin (sinadarin da ke cikin kofi) da kiriyatin da naitiret da beta-alanin. A 2021 ƙungiyar masana abincin 'yan wasa ta ISSN ta ce ya fi amfani a aiki mai tsanani da ke ɗaukar tsakanin daƙiƙa 30 zuwa minti 12. Damben boksin na waɗanda ba ƙwararrun kuɗi ba turmi uku ne na minti uku-uku, ya faɗa cikin wannan iyaka ke nan.

Nawa ne amfanin, in za a faɗi gaskiya?

Idan aka tattara binciken da aka yi, ƙarin yana wajen kashi 2 cikin 100. Ga ɗan wasan da ya riga ya kai ƙololuwa, wanda shi da abokin karawarsa ba su da rata, kashi biyu na iya zama naushi uku ko huɗu masu tsabta a daƙiƙa talatin na ƙarshe, kuma alƙalai na ganin su. Ga wanda ba ya gudun safe, ba ya barci sosai, yake shan taba, kashi biyu ba komai ba ne a kan ramin da ke gabansa. Ina ganin duk wanda bai cika shekara biyu yana atisaye na haƙiƙa ba, ya bar wannan magana tukuna. Gyaran tsayuwa da numfashi da tsaron fuska za su ba shi ninkin-ba-ninkin abin da gari zai ba shi.

Akwai kuma waɗanda ba ya yi musu komai, ko ma ya rage musu ƙwazo saboda damuwar ciki.

Zai ƙara mini ƙarfin naushi?

A'a. Naushi ɗaya mai kayar da mutum daga ƙafa da ƙugu da daidaita lokaci yake fitowa, kuma makamashin da tsoka ke amfani da shi a daƙiƙa biyu na farko ba ruwansa da tarin asid. Bikabonet yana taimaka wa naushi na ɗari da hamsin ya yi kama da na ashirin. Haka kuma ba ya ƙara wa haɓa tauri, ba ya kare ƙwaƙwalwa daga girgiza ko kaɗan.

Nawa ake sha?

Adadin da aka fi gwadawa shi ne giram 0.3 a kan kowane kilo na nauyin jiki. Mai kilo 57 zai sha kusan giram 17, mai kilo 70 giram 21, mai kilo 80 giram 24. Giram 0.2 shi ne mafi ƙanƙantar adadin da aka ga yana aiki, kuma da shi ya kamata kowa ya fara: mai kilo 60 giram 12 ke nan. Haura 0.3 ba ya ƙara amfani a sha ɗaya, ciwon ciki kawai yake ƙarawa.

A auna da ƙaramin sikelin giram, irin na masu yin kek. Cokalin shayi ɗaya da aka shafe bakinsa yana ɗaukar wajen giram 5, amma cokulan gidajenmu ba girmansu ɗaya ba, kuma tsakanin shafaffen cokali da mai tozo akwai kusan ninki. Wanda ya ce "cokali huɗu" bai faɗi komai ba tukuna.

Yaushe ake sha, kuma da me?

Tsakanin awa ɗaya zuwa awa uku kafin a fara. Faɗin wannan tazara ba sakaci ba ne, mutane ne suka bambanta: wani bikabonet ɗin jininsa na kai wa ƙololuwa cikin ƙasa da awa ɗaya, wani sai ya haura awa biyu. Wanda ya haɗiyi kafso ya fi jinkiri a kan wanda ya dama gari a ruwa.

Kada a sha da yunwa. An ga cewa shan sa tare da abinci mai sitaci, awa biyu zuwa biyu da rabi kafin wasa, yana rage damuwar ciki sosai. Shinkafa fara da ɗan mai kaɗan, burodi, dankali ko ayaba sun wadatar. Kada kuma a sha bayan an cika ciki dam da tuwo, dalilin na nan tafe. A sha da ruwa mai yawa, rabin lita ko fiye, a rarraba shi cikin rabin awa maimakon a kwankwaɗe lokaci guda.

Akwai wata hanya ta daban: a raba giram 0.4 zuwa 0.5 a kan kowane kilo gida uku ko huɗu a yini, a sha tare da abinci, na kwana uku zuwa bakwai kafin ranar wasa. Ciki ya fi samun sauƙi da ita, amma gishirin da ke shiga jiki ya fi yawa, kuma ga mai fama da awon nauyi wannan matsala ce babba.

Me ya sa kowa ke kukan ciki?

Domin a cikinka akwai asid mai ƙarfi, kuma da zarar bikabonet ya haɗu da shi sai iska ta tashi. Zuba garin a kofi, ka matsa lemon tsami a kai, ka ga yadda yake tafasa yana kumfa har ya zubo: abin da ke faruwa a tumbinka ke nan. Ɗanɗanonsa ma kansa jarrabawa ne, gishiri-gishiri da santsin sabulu, yana maƙalewa a maƙogwaro. Minti ashirin bayan sha sai gyatsa ta fara, mai ƙarfi, a jere. Ga wasu nan abin ya tsaya. Ga wasu sai kumburi, murɗa, tashin zuciya, amai, sannan gudawa, domin gishirin da ya wuce hanji yana janyo ruwa zuwa cikinsa.

Mai tseren keke zai iya daurewa da kumburin ciki ya ƙarasa. Ɗan dambe kuwa ana auna masa naushi a hanta da ƙasan haƙarƙari da gangan. Kumburarren ciki a gaban wanda ya iya dukan jiki bala'i ne, kuma babu alƙalin wasan da zai tsayar da turmi don ka zaga. Wannan ne ya sa nake ganin a dambe batun ciki ya fi batun adadin muhimmanci.

Akwai haɗari mafi muni, ko da yake ba kasafai ba: likitoci sun rubuta labarin mutanen da tumbinsu ya fashe bayan sun sha bekin soda a kan ciki da ya cika maƙil da abinci. Ciwon ciki mai tsanani farat ɗaya bayan an sha, ko amai da ya ƙi tsayawa, ko rikicewar tunani, ko karkarwar tsoka, ko bugun zuciya da ya sauya, duk na asibiti ne nan take.

Kafso mai rufin da ba ya narkewa sai ya isa hanji yana rage yawancin wannan wahala, sai dai za ka haɗiyi kusan ashirin idan kowane giram ɗaya ne. Kamfanin Maurten na ƙasar Suwidin ya fitar da nasa a 2023, ƙananan ƙwayoyi da ake haɗiya cikin wani abu mai kauri kamar kunu, kuma 'yan tsere da yawa sun rungume shi. Tsadarsa dai ta fi ƙarfin yawancin 'yan wasanmu.

Zan iya sayen soda a kasuwa, ko in yi amfani da kanwa?

A nan ne ake iya rasa rai, don haka a karanta da kyau. Idan ka shiga kasuwa ka ce a ba ka "soda", mai shago zai iya miƙo maka sodar yin sabulu. Wannan guba ce mai ƙona fata, kuma idan aka haɗiye ta tana cinye maƙogwaro da hanyar abinci, wanda ya rayu ma yakan ƙare da tiyata. Ita ma fara ce, ita ma a leda ake ƙulla ta. Kada ka taɓa shan farin garin da aka ƙulla ba suna. Ka sayi na abinci, a cikin gwangwani ko kwalinsa na asali, ko ka je kemis.

Bekin foda ma ba shi ba ne. An riga an gauraya shi da wani asid da sitaci, don haka ba zai yi aikin ba, cikin kawai zai kumbura.

Kanwa kuwa, gaskiya ne akwai bikabonet a cikinta. Amma wadda ake haƙowa a ƙasar Manga da gaɓar Tafkin Chadi cakuɗe ce da sodiyam kabonet, wanda ya fi kaifi nesa, da gishiri da ƙasa da wasu ma'adanai, kuma kowane dunƙule da irin haɗinsa. Ɗan abin da ake sa wa a kunun kanwa ko miyar kuka daban, giram ashirin a sha ɗaya daban. Ba yadda za ka auna abin da ba ka san adadinsa ba.

Zai shafi awon nauyi?

Ƙwarai. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na bekin soda sodiyam ne zalla. Giram 21 na ɗauke da sodiyam kusan giram 5.7, daidai da abin da ke cikin gishiri giram 14 da ɗoriya. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada babba ya wuce gishiri giram 5 a yini. Wato gishirin kusan kwana uku ne a kofi ɗaya, kuma jiki zai riƙe ruwa a kansa.

Ƙwararren da ke hawa sikeli kwana ɗaya kafin wasa ba shi da damuwa, tunda bayan awo zai sha. Amma a gasar waɗanda ba ƙwararrun kuɗi ba ana awo da safiyar kowace ranar da za ka yi wasa. Ka sha yau ka ci wasa, gobe da asuba sikeli ya nuna ka haura, an cire ka ba tare da an taɓa ka ba. Wanda ke zaune a bakin iyakar ajinsa ya san wannan tun a atisaye: ya auna kansa washegarin kowane gwaji.

Wanda kuma ya matse jikinsa da ƙishirwa don ya yi nauyi, kada ya ɗora bikabonet a kan busasshen jiki. Ya fara mayar da ruwa da abinci. Gudawa a kan ƙishirwa, a zafin Afrilu, ba abin wasa ba ce.

Hukumomin wasanni sun hana?

Ba ya cikin jerin abubuwan da WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta haramta wa 'yan wasa. A tseren dawaki ne aka hana ɗura wa doki shi, har ana gwada jininsu. Abin lura kawai shi ne garin ƙarin kuzari da ake sayarwa a haɗe da wasu abubuwa, domin a irinsu ne ake samun haramtattun sinadarai da ba a rubuta a jikin roba ba.

Su wa bai kamata su kusance shi ba?

Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya, mai gyambon ciki, mace mai juna biyu, da duk wanda likita ya ce ya rage gishiri. Haka wanda ke shan magani kullum, musamman na fitsari da na hawan jini da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, domin bikabonet na sauya yadda jiki ke karɓarsu da fitar da su. Yara da matasan da ba su gama girma ba su ma a bar su.

Hawan jini ba ya sallama, kuma samari majiya ƙarfi da yawa na yawo da shi ba su sani ba. Awonsa minti biyu ne a kowane kemis. Malam koci, kafin ka ba yaronka wannan abu, ka tabbata an auna shi, in da hali kuma likita ya gan shi.

Ɗan damben gargajiya fa?

Duk binciken 'yan dambe da aka ambata a kan boksin aka yi shi, kuma tafiyar wasannin biyu ba ɗaya ba ce. A dambenmu na gargajiya ana daɗewa ana zagaye, garkuwa a miƙe, hannun zare a ɗane a baya, ana auna juna, sannan a yi arangama ta 'yan daƙiƙu a rabu. Kisa na iya zuwa da naushi ɗaya a turmin farko. A irin wannan tsari asid ba ya samun lokacin taruwa kamar yadda yake yi wa wanda ke sakin hannu biyu minti uku ba tsayawa, don haka amfanin zai fi ƙanƙanta. Ga shi kuma a gidan dambe ba ka san takamaiman lokacin da za a kira ka ba, abin kuwa da lokaci yake aiki. Inda zai iya yin rana shi ne a atisaye mai tsanani, ko ga wanda zai kara fiye da sau ɗaya a yammaci guda.

Ana haɗa shi da kofi ko beta-alanin?

Beta-alanin yana aiki ne a cikin tsoka, bikabonet a jini, don haka wasu na haɗa su. Amma shi ba a sha ɗaya yake aiki ba, sai an yi mako huɗu ko fiye ana shan giram 3 zuwa 6 kullum, kuma yana sa fata tsikari. Kafeyin na da nasa amfanin, sai dai shi ma yana motsa hanji. A gwada kowanne shi kaɗai kafin a haɗa.

Zai hana ni ciwon jiki washegari?

A'a. Asid ɗin da ya taru yana washewa cikin kusan awa ɗaya bayan an gama. Tsamin jikin da ke zuwa bayan kwana ɗaya ko biyu daga ƙananan raunukan tsoka yake, a dambe kuma har da dukan da ka sha.

Na yanke shawarar gwadawa. Ta ina zan fara?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fara aƙalla mako shida kafin wasa, a ranar da za ka yi aikin buhu mai tsanani, ba ranar karawa da mutum ba, kuma a wurin da banɗaki ke kusa. Giram 0.2 a kan kowane kilo, da abinci mara nauyi, awa biyu kafin ka fara. Ka sa wani ya ƙirga maka naushin da ka saki a kowane turmi, musamman na uku da na huɗu, ka rubuta a littafi tare da lokacin da ka sha, abin da ka ci, yadda cikinka ya yi, da nauyinka washegari da safe. Ka yi irin wannan atisayen a wata rana ba tare da ka sha ba, don ka samu abin kwatantawa, domin wanda ya san ya sha wani abu yakan ƙara himma ko da ruwa ne.

Sau ɗaya a mako ya isa. Idan ciki ya karɓa, ka matsa zuwa 0.3, sannan ka kai shi ranar karawa da abokin atisaye, ka ce masa ya nemi jikinka sosai. Idan gyatsa da kumburi na nan lokacin da ka fara, ka matsar da shan zuwa awa uku kafin atisaye, ko ka koma kafso. Idan ka sauya lokaci da adadi da abinci amma har yanzu cikinka na murɗawa, ko littafin bai nuna wani bambanci ba, ka bar shi.